Ni da Musa: martani ga mai jan alƙalami

Wani abokin aikinmu, malamin Turanci da ya daɗe yana riƙe da alli a makarantun yankin Damagaram, ya rubuta maƙala wadda ta zaga hannun malamai a nan Matameye, ana ta kwafarta ana miƙa wa juna. Abin da ya ɓata masa rai shi ne yadda yaranmu na kwaleji da na lise suke rubuta “me and Musa went to the market”. A ganinsa jimlar kuskuren nahawu ce, kuma Hausa ce tsantsa aka jera da kalmomin Turanci, sannan a samanta ga rashin ladabi, tun da yaro ya sa kansa gaban ɗan'uwansa. Maganin da ya bayar gajere ne: a koya wa yaro ya ce “Musa and I” a ko'ina, duk inda aka ga “me” a gefen “and” a ja masa layi da jan alƙalami a zabge maki. Ya rufe da cewa tun da dokar ƙasa ta 2025 ta sa Turanci cikin harsunan aiki, ba mu da sauran uzurin lamuntar abin da ya kira Turancin tasha.

Malam, damuwarka a kan makomar yaran nan ba ni da ja a kanta. Amma maganin nan naka gyaran gangar auzinawa ne. In aka bi shi yadda ka rubuta, zai kayar da yara a jarrabawar da kake so su ci.

Matsalar tana cikin kalmar nan “a ko'ina”. Ko da ma'aunin tsofaffin littattafan nahawun da ka dogara da su, “Musa and I” yana zama daidai ne kawai in su biyun ne suka yi aikin. In kuwa su aka yi wa aikin, ko kuma wata kalma irin “to”, “for”, “with”, “between” ta zo gabansu, to “me” ne ke da wurin: “The teacher called Musa and me”, “This is between you and me”. Yaron da ya haddace dokarka zai rubuta “The teacher called Musa and I”, mai duba takardun jarrabawar BEPC ya soke masa, kuma ba za ka iya zuwa ka kare shi ba, domin littafin da ke hannunka ma ba ya bayanka. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Ba hasashe nake yi ba. Abin da kake so mu fara a Matameye an yi shi a Ingila da Amurka shekaru da dama, an kuma ga abin da ya haifar. Iyaye da malamai sun yi ta tsawata wa yara a kan “me and John”, ba tare da sun bayyana musu dalili ba. Abin da yaran suka ɗauka shi ne “and me” abin kunya ne, “and I” kuma maganar masu ilimi. Suka girma da haka. A yaƙin neman zaɓen 1992 Bill Clinton, mutumin da ya yi karatu a Georgetown da Oxford da Yale, ya roƙi masu jefa ƙuri'a su ba “Al Gore and I” dama, a wurin da littafi ke neman “me”. Steven Pinker ya kawo wannan misali a littafinsa The Language Instinct na 1994. Yau “between you and I” ya cika bakin ƴan siyasa da ƴan jarida da lauyoyi a can, har Rodney Huddleston da Geoffrey Pullum, a babban littafin nahawunsu na Cambridge da ya fito a 2002, suka ga ba za a iya ci gaba da kiransa kuskure kawai ba, saboda yawan masu ilimin da ke faɗarsa. Ba ma sabon abu ba ne: yana nan cikin wasiƙar Antonio a wasan Shakespeare The Merchant of Venice, tun ƙarshen ƙarni na 16. Sai dai mai duba takarda a Damagaram ko Yamai ba ruwansa da Shakespeare. Jan layinsa zai yi.

Yanzu mu zo kan zargin da ka yi wa Hausa. Ka ce yaro ya ɗauki “ni da Musa” ya juya ta kalma bayan kalma, shi ya sa “me and Musa” ta fito. To wa ya koya wa yaran Manchester da na Chicago Hausa? Su ma haka suke faɗa, kuma su ne suka fi kowa faɗa. “Me and my brother”, “me and him”, “her and her friend”: wannan ita ce maganar yau da kullum a bakin miliyoyin waɗanda suka sha Turanci a nono. Ƴan sa-kai na Amurka, wato ƴan Peace Corps, sun yi aiki a Nijar daga 1962 har zuwa farkon 2011, da yawansu sun koyar da Turanci a kwalejojinmu. Duk wanda ya zauna da su bayan an tashi aji, suna hira a tsakaninsu a gindin bishiya, ya ji irin wannan magana. Masanin harshe Joseph Emonds ya rubuta a 1986 cewa tsarin “John and I” ba ya cikin abin da yaro ɗan Ingilishi ke tsinta da kansa a gida, makaranta ce ke ɗora masa shi daga baya don alamar wayewa. Ana iya jayayya da Emonds, an kuma yi. Amma ba wanda ya yi jayayya da cewa yaran can da “me and” suke farawa.

Ban ce Hausa ba ta da hannu ba. Tana da hannu, kuma hannun alheri ne. Nan ne ainihin saɓaninmu, don haka bari in ɗan daɗe a kai.

Hausa tana da wakilan suna iri daban-daban, kowane da aikinsa. Akwai waɗanda ba sa tsayuwa su kaɗai, sai sun jingina da aikatau: na, ka, kin, ya, ta, mun. Akwai kuma masu zaman kansu: ni, kai, ke, shi, ita, mu, ku, su. In aka ƙwanƙwasa ƙofa aka ce “Wane ne?”, ba wanda zai ce “Na.” Cewa zai yi “Ni ne.” In uwa ta ɗaga ƙosai ta ce “Wa ke so?”, yara “Ni!” za su yi ihu. Haka nan in za a haɗa mutum biyu da “da”, masu zaman kansun ake ɗaukowa. Ba Bahaushen da zai ce “na da Musa”, ko “ya da ta”. Sai dai “ni da Musa”, “shi da ita”. Daga nan sai a kawo lamirin jam'i ya ɗauki aikin: “Ni da Musa mun tafi.” Duk wannan yaron aji ɗaya na kwaleji ya san shi a bakinsa, ko da bai taɓa jin sunan Galadanci ko Paul Newman ko Philip Jaggar ba, waɗanda suka tsara shi a littattafai.

Sannan yaron nan ya shekara shida a lakwal yana koyon Faransanci kafin ya ga harafin Turanci ko ɗaya. Me mushe, wato malaminsa, ya koya masa? “Je” ba ya tsayuwa shi kaɗai. “Qui est là?” “C'est moi.” “Qui veut?” “Moi!” In an haɗa mutum biyu: “Moussa et moi, nous sommes partis.” Wanda ya rubuta “Moussa et je” ya sha dariyar aji. Tsarin ɗaya ne da na Hausa, har da dawo da “nous” a wurin da muke dawo da “mun”. Wanda ya yi makarantar allo har ya kai ga littattafan nahawu wurin malaman zaure ya tarar da abin a Larabci ma. Masana nahawun Larabci sun ce in za ka haɗa wani suna da lamirin da ke manne a jikin fi'ili, sai ka fara fito da lamiri mai zaman kansa: “zahabtu ana wa Zaidun”. Harsuna uku ke nan a garin nan, duka sun yi ittifaƙi cewa wurin haɗi na wakilin suna mai ƙarfi ne.

To sai yaro ya shigo ajin Turanci. Ya ji ana cewa “Who is there?” “It's me.” Ya ji “Who wants it?” “Me!” Ya lura “I” kullum yana manne da aikatau: “I go”, “I saw”, “I am”. Hankalinsa ya gaya masa “I” ɗan'uwan “je” ne da “na”, “me” kuma ɗan'uwan “moi” da “ni”. Sai ya rubuta “me and Musa”. Malam, wannan yaro bai yi jahilci ba. Ƙiyasi ya yi, kuma ƙiyasinsa ya faɗa daidai kan abin da masu harshen suke yi a bakinsu. Abin da bai sani ba shi ne Turancin takarda ya zaɓi wata hanya daban a wannan wuri. Aikinmu mu gaya masa haka. Ba aikinmu ba ne mu gaya masa harshen uwarsa ne ya ɓatar da shi.

Na san hujjar da za ka kawo, domin ka kawo ta a maƙalar. Ka ce a cire Musa daga jimlar a gani: “me went to the market” ba ta yiwuwa, saboda haka “me and Musa went” ma ba ta yiwuwa. Wannan dabara ce mai amfani a ɗakin jarrabawa, ni ma ina koyar da ita. Amma dabara ce, ba hujja ba. Gwada ta a Faransanci: “Moussa et moi partons”, cire Moussa, sai ka ga “moi partons”. Shin wannan ya nuna “Moussa et moi” kuskure ne? Gwada ta a Hausa: “ni da Musa mun tafi”, cire Musa, saura “ni mun tafi”. Gwada ta ma a jimlar da kai kanka ka yarda da ita: “Musa and I are friends.” Cire Musa. “I are friends.” Da ma'auninka sai mu ce ita ma ta faɗi. Abin da ke faruwa shi ne, in aka haɗa mutum biyu da mahaɗi, haɗin ya zama wani abu sabo mai hukuncin kansa, ba dole kowane ɓangarensa ya ɗauki hukuncin da zai ɗauka in yana shi kaɗai ba. Pinker ya yi wannan bayani, Huddleston da Pullum ma sun yi. Don kada in yi musu ƙarya: ba su ce a shiga rubuta “me and Musa went” a takardar neman aiki ba. Sun dai ce hujjar cirewa ba ta tabbatar da abin da ake cewa ta tabbatar.

Ka kuma yi maganar “asalin Turanci”, kamar wani abu ne da aka saukar a kammale. Tsohon Turanci na shekaru dubu da suka wuce yana canza ƙarshen suna gwargwadon aikinsa a jimla, kamar yadda Larabci ke yi da Zaidun da Zaidan da Zaidin. Wannan tsari ya zube. Abin da ya rage ƴan tsirarun wakilan suna ne: I da me, he da him, she da her, we da us, they da them, sai who da whom da ke fama da jinya. Dubi “you” kuma. A da, mai yin aiki “ye” ne, wanda aka yi wa aiki “you”. Fassarar Baibul ta Sarki James ta 1611 ta kiyaye wannan bambanci. A bakin jama'a kuwa “you” ya ture “ye” ya gaje wurinsa. Wato duk lokacin da ka tsaya gaban aji ka ce “you are late”, ka sa wakilin sunan wanda aka yi wa aiki a wurin mai yin aiki, laifin da kake tuhumar yara da shi. Bambancin kawai shi ne naka kuskuren ya tsufa har ya zama doka. Dokokin da muke haddacewa kuwa yawancinsu sun samu gindin zama ne a ƙarni na 18, ta hannun mutane irin su Robert Lowth, wanda ya fitar da ɗan littafin nahawunsa a 1762 kafin ya zama bishop na Landan, da Lindley Murray wanda nasa na 1795 ya mamaye makarantu. Mutane ne da suka ƙoshi da Latin, kuma da idon Latin suka riƙa duban harshensu.

Maganar ladabi ce ta fi ci mini rai, domin a nan ka bar nahawu ka shiga tarbiyyar gidajen mutane. Gaskiya ne Turawa da dama suna ɗaukar ambaton kai a ƙarshe alamar ladabi. Jamusawa har karin magana gare su, wai jaki ne ke fara ambaton kansa. Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta yi ta faɗin “my husband and I” har ya zama abin barkwanci a ƙasarta. Al'adarsu ce, kuma wanda zai yi mu'amala da su ya kamata ya san ta. Amma al'ada ce, ba ma'aunin tarbiyyar ɗan Adam ba. Latin ɗin da Lowth ya ɗauka abin koyi, “ego” yake sawa gaba. Larabci “ana wa anta” yake cewa, kuma masana nahawunsa sun sa lamirin mai magana a kan gaba wajen jerin lamirai. Ba na jin za ka shiga zauren wani malami a Kance ka gaya masa Larabawa ba su da ladabi.

Hausa ba a jerin kalma ta ajiye ladabinta ba, kuma in ka saurara za ka ga ta fi ƙarfin abin da kake nema. Yaro zai ce “ni da Musa” domin Musa sa'ansa ne. Amma yaro mai tarbiyya da wuya ka ji ya ce “ni da Baba mun je kasuwa”. Cewa zai yi “na raka Baba kasuwa”, ko “na bi Baba”, ko “Baba ya tafi da ni”. Bai sa kansa gaba ba, bai sa kansa baya ba, ya ƙi jera kansa da mahaifinsa a sahu ɗaya ne gaba ɗaya. Muna kuma da wani salo da Turanci ba shi da kamarsa: “mun je gona da Musa”, alhali mu biyu ne kacal, ni da shi. An narkar da “ni” cikin “mu” tun kafin a ambaci abokin tafiya. Mutanen da matansu ba sa kiran sunan miji, iyayensu ba sa kiran sunan ɗan fari, ba su ne za a koya wa kunya da jerin “and I” ba.

Bari in nuna maka abin da jan alƙalami ke yi in ba bayani. Wata yarinya ƴar ajin BEPC ta kawo mini littafinta na bara, daga wata makarantar da ba sai na ambata ba. An ce su rubuta yadda suke yin hutu. Ta rubuta: “Me and my mother sell sugar cane at the market.” Gaskiya ta faɗa, rake suke sayarwa, kamar gidaje da yawa a wannan yanki. Malamin ya zagaye “me” da ja, ya rubuta “I!!” a sama, da alamar motsin rai biyu, ba ƙarin komai. A aikin da ya biyo baya ta gyara: “I and my mother went to Daura.” Nan ma ja, wannan karon kibiya ce mai lanƙwasa da ke nuna a juya su. Ta juya. Can gaba cikin littafin sai ga “My father gave my brother and I some money.” Wannan ba a taɓa ta ba, an ma sa mata alamar daidai a gefe. Jimlar farko da aka soke, kowane ɗan Landan zai iya faɗarta a gidansu ba wanda zai ɗaga kai. Ta biyun, “I and my mother”, ba ta karya dokar littafi ba, amma da wuya ka ji ta a bakin mai harshen, kodayake ta yawaita a Turancin Najeriya. Ta ukun da aka yaba ita ce littafin malamin da kansa ya haramta. Da na tambaye ta wace doka ta koya daga duk wannan, sai ta ce: “Mushe, ai ‘me’ ba kyau.” Shekara guda ta karatu, abin da ta fita da shi ke nan.

Abin da nake yi a ajina ba wani abin mamaki ba ne. Ina raba allo, in rubuta “ni da Musa mun tafi”, a ƙarƙashinta “Moussa et moi sommes partis”, a ƙarƙashinta “me and Musa went”, sannan “Musa and I went”. In ce musu ta ukun za ku ji ta a fim, a waƙa, a bakin direban da ya taso daga Kano, a bakin Ba'amurke ma. In kun ji kada ku ce bai iya ba. Ta huɗun ita ce ta takarda: jarrabawa, wasiƙar neman aiki, rahoto, jawabi gaban manya. Yaran Matameye ba sa shan wahalar gane wannan, domin sun tashi da kuɗi iri biyu a aljihu. Sun san naira kuɗi ce, tana sayen goro a bakin iyaka wajen Ɗan Barto da Kwangwalam, amma in za ka biya wani abu a ofishin gwamnati sai da sefa. Ba wanda ya taɓa ce musu naira jabu ce don kawai ba a karɓarta a wani wuri. Bayan sun gane wannan sai in ba su dabarar cirewa, in gaya musu a fili cewa ta Turancin takarda ce: kana shakka, rufe sunan ɗayan da yatsa, ka ga wanne ya zauna, “called I” ko “called me”. Da haka suke kuɓuta daga kuskuren biyu a lokaci ɗaya.

Ka kira shi Turancin tasha. To, tasha tana da nata hakkin. Yaranmu da yawa Turancin da za su fara amfani da shi a rayuwa ba na Yamai ba ne, na hanyar Daura da Kano ne: ciniki, asibiti, shingen jami'an tsaro, neman gurbin karatu a jami'o'in Katsina da Kano. A can za su ji “me and you”, su ji “myself and my brother” wanda ƴan Najeriya ke so ƙwarai, su ji broka ma. Yaron da aka koya wa cewa fuska ɗaya ce kawai ke da gaskiya, ko dai ya riƙa raina mutanen da suka fi shi iya harshen, ko kuma ya kame bakinsa don tsoron kuskure. Na biyun ya fi yawa, kuma ka san haka. Babbar cutar ajinmu ba “me and Musa” ba ce, shiru ne. Aji cike maƙil, littafi ɗaya hannun yara da yawa, ka yi tambaya kowa ya sunkuyar da kai. Yaron da ya yi ƙarfin hali ya haɗa jimla cikakkiya mai aikatau a lokacin da ya dace, ya cancanci a fara ce masa madalla kafin a gyara masa.

Akwai ma abubuwan da suka fi wannan cancantar jan alƙalaminka. Yaranmu suna rubuta “his father” suna nufin mahaifin yarinya, domin Faransanci ya saba musu da “son” da “sa” masu bin jinsin abin da aka mallaka, ba na mai mallakar ba. Wannan kuskure yana canza ma'ana, mai karatu ya rasa wa ake nufi. Maganinsa kuma yana cikin Hausar da ka zarga: “ubansa” da “ubanta” sun bambanta daidai yadda “his father” da “her father” suka bambanta. Minti biyar na bayani da Hausa yakan warware abin da wata guda na bayani da Faransanci bai warware ba.

Wannan ya kawo ni ga dokar da ka kafa hujja da ita. Kundin sake gina ƙasa da Janar Abdourahamane Tiani ya sa wa hannu a watan Maris na 2025 ya ambaci Turanci da Faransanci a matsayin harsunan aiki, haka ne. Amma a wuri ɗaya ya ce Hausa ce harshen ƙasa. Ka ɗauki rabin da ya yi maka, ka bar rabin. In akwai abin da dokar ta canza a ajin Turanci, shi ne ta cire wa malami kunyar buɗe baki ya ce wa yara: ku dubi yadda kuke faɗa a gida, ga inda Turanci ya yi daidai da ku, ga inda ya bauɗe.

Inda ya bauɗe kuwa ba “I” da “me” kaɗai ba ne, kuma maƙalarka ba ta leƙa sauran ba. “Neither you nor I” wane aikatau ke binsa, “am” ko “are”? Littattafai sun ce a bi na kusa, masu harshen kuma yawanci sukan kauce wa jimlar ne gaba ɗaya. “Taller than me” ko “taller than I”? “Nobody but me”? Sai babbar: mallaka. Mu muna cewa “gonarmu ni da Musa”, magana ta ƙare. Bature in ya zo nan sai ya yi ta tuntuɓe: “Musa's and my farm” tana da nauyi a baki, “me and Musa's farm” tana iya nufin ni da gonar Musa, har ta kai wasu suna cewa “Musa and I's farm”, wadda ƴa ce ta cikin dokar nan taka ta “a ko'ina”. Ni ina gaya wa yara su zagaye ramin, su ce “the farm I share with Musa”, ko su fara ambaton su biyun sannan su ce “our farm”.

Takardarka tana hannun malamai ƴan kwantaragi da yawa waɗanda bana suka fara shiga aji, ba su samu horo mai tsawo ba, kuma sunanka ya isa su ɗauki abin da ka rubuta ba tambaya. Na ga wani ya kwafe dokar a allo yadda take, har ya ja layi biyu a ƙarƙashin “always”. Roƙona gare ka, Malam, kafin a sake buga wani kwafi: ka cire “a ko'ina”, ka ƙara misalan “called Musa and me” da “between you and me”, sakin layin da ya yi maganar tarbiyyar yaran mutane kuma ka soke shi duka.